Sawu da Zango: Kada Hanyar Mabuƙata Ta Zauna a Kan Mutum Ɗaya

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan agajinmu, ɗan kasuwar yadi a Bur Dubai, ya gabatar a zaman shirin azumi. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa, domin amfanin gidajen zango na nan da na gida.



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Malamaina, iyayena dattawa, iyayenmu mata da ke sauraro daga baya, 'yan'uwa da 'ya'yana matasa, barkanku da dare. Ina neman afuwa da na tsaya a gabanku, domin ni ba malami ba ne, ba kuma injiniya ba. Yadi nake sayarwa a nan kasuwar Bur Dubai, karatuna a sakandare ya tsaya. An ce in yi bayani a kan wannan 'yar na'ura da ke hannuna, na'urar nuna hanya da ake kira Ji-Pi-Es, saboda ni na matsa aka saye ta. To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Zan fara da dalilin da ya sa na matsa.

Shekarun baya, lokacin da azumi ke faɗowa cikin tsananin zafi, wurare iri biyu muke kai kayan buɗa-baki. Akwai sansanonin leburori na Sonapur da Al Quoz, waɗannan ba su da wuyar zuwa, kwalta ce har ƙofa. Akwai kuma garkunan raƙuma na cikin sahara, waɗanda Larabawa ke kira izba, ta wajen Lahbab da Margham da Al Lisaili. Makiyayan da ke can wasu 'yan Sudan ne, wasu 'yan Pakistan da Bangaladash, wasu kuma namu ne masu jin Hausa. Muna da direba guda, mutumin kirki, Allah Ya saka masa da alheri. Shi ya san hanya. Mu namu mu loda kaya mu zauna, wani ma ya yi gyangyaɗi, sai dai mu ga mun iso. Ana nan sai aikinsa ya ƙare, bizarsa ta ƙare, ya koma gida. Muka yi masa addu'a, muka raka shi filin jirgi. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya tuna ya ce masa, "Malam, bar mana hanya."

A azumin da ya biyo baya, wata rana bayan la'asar, wani yaro makiyayi ya kira ni da 'yar ƙaramar wayarsa mai madanni. Ya ce, "Baba, abokin aikina ya faɗi tun azahar, jikinsa kamar wuta, ba ya gane mutane." Ya nemi mai garken, wayar ba ta shiga. Na kira 998, lambar motar asibiti. Suka ɗauka nan take, suka yi mini tambayar da dole su yi: ina ne? Na buɗe baki, babu amsa. Sau huɗu na taɓa zuwa wurin, amma a kujerar baya.

Yaron ya ce idan mun bar kwalta za mu ga farin tankin ruwa, sai bishiyoyin gaf guda biyu. Duk wanda ya taɓa shiga wannan dajin ya san farin tanki da bishiyar gaf ba su ƙirguwa. Muka kira direbanmu a gida, ya yi mana kwatance daga ka, amma an kafa sababbin shingaye bayan tafiyarsa. A cikin mota muka sha ruwa, da dabinon da muka ɗauko domin su. Sai bayan isha'i muka hango yaron a kan tudun yashi yana kaɗa tocila. Muka ɗauko maras lafiyar zuwa bakin kwalta, inda motar asibiti ta karɓe shi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma ya daɗe a kwance. Daga baya na auna: daga kwalta zuwa garken bai kai kilomita 7 ba. Mun yi awa huɗu muna kewaye shi.

Abin da na koya a daren nan shi ne duk abin da zan faɗa yau. Hanyar da ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya tafi ta tafi. Mu kuwa a ƙasar nan kowa da ranar tafiyarsa, a rubuce ma take a jikin bizarsa.

Iyayena, kun fi ni sanin asalin kalmar zango. Kakanninmu fatake da suka riƙa kai kanwa da rinannun tufafi Gwanja su komo da goro, ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta bi ta Yawuri, ta haye Kwara, ta bi Nikki da Zugu da Sansanne Mango da Yendi, ta sauka Salaga. Tafiyar watanni ce. Ayari yana da madugu, yana da jagaba da ke gaba yana duba hanya, yana da uban dawaki. Abin da jagaba ya mallaka shi ne jerin zanguna a kansa: ina ruwa, ina mashigi, ina ake kwana, ina ba a kwana. Kuma ba a barin wannan ilimi ya mutu, yaro yakan bi ayari shekara da shekaru har ya haddace. Unguwannin zango na Kumasi da Accra a kan wannan sawun suka tsiro. Mu dai ba mu da shekarun da za mu haddace, shi ya sa muke buƙatar abin da zai riƙe mana.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Wannan ai kayan sojan Amurka ne." Gaskiya ya faɗa, sojan Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin. Amma mu tuna hijira. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka tare da Sayyidina Abubakar, sun ɗauki hayar masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali a lokacin yana kan addinin mutanensa. Bayan kwana uku a kogon Sauru, shi ya bi da su ta hanyar gaɓar teku. Malamai na nan, idan na yi kuskure su gyara mini. Abin da na fahimta shi ne, neman wanda ya san hanya ba ya rage tawakkali.

To, yaya take aiki? A sama akwai taurarin ɗan'adam na wannan tsari kimanin 30. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Suna can nisan kilomita 20,200, kusan ninki huɗu na nisan Kano zuwa Dubai, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowanne yana ta shelar abu biyu: ga inda nake, ga kuma lokaci. Na'urar tana saurare, tana lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisanta da kowane tauraro. Idan ta ji huɗu ko fiye, sai ta fitar da inda kake tsaye. A da Amurka na rage wa farar hula ingancin saƙon da gangan, har kuskure ya kai mita 100. A watan Mayu na 2000 aka daina. Yanzu a fili, inda sama take buɗe, kuskuren yakan tsaya a mita 3 zuwa 5. Rasha da Turai da Sin su ma kowa ya harba nasa taurarin, na'urori da yawa suna sauraren fiye da tsari ɗaya.

Ku riƙe wannan da kyau: sauraro kawai take yi, ba ta magana. Ba ta buƙatar layi, ba ta cin kati, ba ruwanta da intanet. Amma kuma ba ta kiran kowa, ba ta gaya wa kowa inda kake. Kai ne za ka karanta lambar ka faɗa.

Matasa za su ce, "Baba, ai duk wannan yana cikin waya." Haka ne, kuma a cikin gari wayar ta wadatar. A sahara ne ake gane bambanci. Waya takan yi zafi ta kashe kanta, cajinta ya ƙare a lokacin da kake buƙatar kira, taswirarta ta ƙi buɗewa idan ba ka sauke ta tun a gida ba. Wannan da muke da ita, Garmin eTrex, batir biyu take ci irin na tocila ƙarama, sukan kai awa 25, idan sun mutu ka sa wasu. Ita ta riƙe hanya, waya ta huta domin kira.

Rubutun da ke allonta na Turanci ne, bayan mun tashi zan nuna wa mai so madannan ɗaya bayan ɗaya. Mu a tsakaninmu kalma uku muke amfani da su. Zango shi ne wuri guda da ka tsaya ka ce wa na'ura ta riƙe shi, ka raɗa masa suna. Sawu shi ne layin da take zanawa a bayanka duk inda ka taka, ɗigo bayan ɗigo. Kibiya kuma ita ce alamar da ke nuna maka ɓangaren da zangon da kake nema yake. Ga ƙa'idoji shida da muka tsayar, kowacce sai da muka sha wuya kafin mu koye ta.

Ta ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. A sa sabon batir tun da dare, a ajiye wasu biyu a aljihu. A kunna ta a fili, kamar bakin ruwa ta wajen Al Ghubaiba, a ba ta minti kaɗan ta kama taurari. Tana nuna yawan kuskurenta da kanta. Idan ta ce mita 30, a jira ta sauko ƙasa da 10.

Ta biyu, kafin mota ta tashi, a adana tsohon sawu sannan a share shi daga allo. Idan ba a yi haka ba, takan ja miƙaƙƙen layi daga inda aka kashe ta jiya zuwa inda aka kunna ta yau, ta haɗe tafiya biyu su zama ɗaya. Mun taɓa ganin sawun da ya taso daga Deira, ya ratsa ta kan ruwa da gidajen mutane, ya dire a Al Awir. Sannan cikinta yana da iyaka, ɗigo 10,000 take riƙewa a sawun da ke gudana. Kada a bari ya cika da tafiye-tafiyen kasuwa.

Ta uku, zango mafi daraja shi ne bakin kwalta, daidai inda ka sauka daga babban titi, ko na Al Ain ne ko na Hatta. Nan ne motar asibiti za ta iya samunka, nan ne kuma za ka nufa idan komai ya rikice. Bayan shi sai kowace mararraba da kowace ƙofar shinge. A raɗa suna nan take. Idan ka bar ta, 001 da 002 za ta riƙa sawa, bayan wata guda kai kanka ba za ka san wanne ne wanne ba.

Ta huɗu, da ka isa, ka tsaya a ƙofar wurin, a waje, kada ka shiga ƙarƙashin rumfar kwano, ka sa zango. Sannan ka adana sawun da sunan yankin da kwanan wata, tun kafin a fara gaisuwa da sauke kaya, don hira na sa mantuwa.

Ta biyar, wajen komowa a bi sawu, kada a bi kibiya. Kibiya tafiyar tsuntsu take nunawa, miƙe, ba ta san akwai tudun yashi ko shinge ko rami a tsakani ba. Sawu kuwa inda tayarka ta riga ta taka ne. Akwai umarni a cikinta mai suna TracBack, yana juya sawun ya mayar da kai ta inda ka fito. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ku kuma lura, ƙananan na'urori irin wannan ba su san inda ka fuskanta ba sai kana motsi. Idan kana tsaye kibiyar takan yi ta waige-waige. Ka yi taku goma, za ta daidaita.

Ta shida, aikin bai ƙare ba sai an dawo gida. Idan ka ɓata a hanya kafin ka isa, sawunka ya riƙe ɓatan gaba ɗaya, duk wanda ya bi shi sai ya maimaita kewayenka. Saboda haka a yanke ɓangaren ɓata, a adana mai kyau kawai, wanda yawanci shi ne na dawowa. Kada ka gadar wa na bayanka ɓatanka. Daga nan a jona ta da kwamfuta a kwafe fayilolin, sunansu na ƙarewa da GPX, a ajiye a wuri biyu. Sannan a ɗauki biro a rubuta lambobin manyan zanguna a littafi. Mu 'yan kasuwa mun sani, bashin da ba a rubuta ba rabinsa ya tafi.

Yanzu maganar lambobi, inda aka fi yin kuskure. Kowane wuri a duniya lamba biyu ne: ta arewa ko kudu, da ta gabas ko yamma. Nan Bur Dubai muna kan digiri 25 da ɗoriya arewa, 55 da ɗoriya gabas. Kano tana kan 12 arewa, 8 da rabi gabas. 'Yan'uwanmu na Accra da Kumasi su lura, tasu lambar ta biyu yamma ce, domin layin da aka fara ƙirge daga kansa ya ratsa ta Tema. Matsalar ita ce ana rubuta ɗoriyar iri uku: wani da ɗigo kawai, wani da digiri da minti, wani har da daƙiƙa. Digiri ɗaya minti 60 ne, kuma a lambar arewa minti ɗaya mita 1,852 ne a ƙasa. Idan mutum ya ce maka 25.30 da ɗigo, kai kuma ka shigar da digiri 25 da minti 30, kun saɓa da minti 12, wato fiye da kilomita 22. Lamba iri ɗaya a kunne, amma wuri biyu ne dabam. Don haka muka tsayar da salo guda, na ɗigo, da lamba biyar bayan ɗigon, a kan ma'aunin WGS 84 da wayoyi ma ke amfani da shi. Mai faɗa ya fara da arewa sannan gabas, mai karɓa ya maimaita masa, kamar yadda muke ƙirga kuɗi sau biyu a gaban mai kaya.

Iyayenmu mata za su ce wannan na masu shiga daji ne. Ga naku kason. A lungunan Al Fahidi da Meena Bazaar da kasuwar yadi, gine-gine na tare sama, saƙon taurari yana bugun bango kafin ya iso, sai na'ura ko waya ta ajiye ka a layin da ba naka ba. A nan abin dogaro shi ne lambar Makani, wato "wurina" da Larabci, wadda hukumar birnin Dubai ta ƙaddamar a 2015. Lamba goma ce, tana nan a allo a ƙofar gini, tana nuna ƙofar kanta. Ina roƙon kowane gida, yau ɗin nan, a kwafe ta da manyan baƙaƙe a manna a bayan ƙofa, tare da lambar bene da ta ɗaki, da 998 na motar asibiti, 999 na 'yan sanda, 997 na 'yan kwana-kwana. A koya wa yara da baƙin da suka sauka. Ranar da maigida ya faɗi, ba shi zai yi kwatance ba. Na Gana ma suna da irin wannan adireshi, GhanaPostGPS, tun 2017, su ma su rubuta nasu.

Sai alƙibla. A gida idan an ce ka fuskanci gabas, an ce ka fuskanci alƙibla, har kalmomin biyu suka zame mana ɗaya. A nan Makka tana yammacinmu, ta ɗan karkata kudu, digiri 258 a kamfas. Na taɓa tarar da baƙo ɗan gida a masauki ya ba Ka'aba baya yana salla, da zuciya ɗaya. Baƙo ko da ido makaho ne. Duk wanda ya sauki baƙo, ya nuna masa alƙibla kafin ya nuna masa kasuwa.

Akwai kuma maƙabarta. Idan muka kai ɗan'uwa Al Qusais, bayan shekaru ɗansa yakan zo daga gida yana tambayar inda aka sa mahaifinsa. Zango zai kai shi sashen, amma kuskuren mita 5 ya fi faɗin kabari biyu. Saboda haka a rubuta lambar kabarin da ma'aikatan wurin suka bayar, a haɗa da zangon, a aika wa iyalansa.

Yanzu abin da ya fi nauyi a wurina. Wannan jerin zanguna da muke tarawa, jerin ƙofofin mabuƙata ne: gidan da aka kasa biyan haya, ɗakin matar da mijinta ya rasu, garken da yaro yake kwana shi kaɗai. Amana ce. Ba a tura shi a zauren WhatsApp, ba a sa shi a Facebook, ba a ba wanda ya ce shi ma yana so ya taimaka sai an san shi. Ba ma rubuta sunan mutum a cikin na'ura, yanki da lamba muke sawa, sunayen suna cikin littafi a hannun mutum biyu da dattawa suka amince da su. Kafin mu sa zango a ƙofar kowa sai mun nemi izininsa. Sadakar da ta tona asirin mai karɓa ta rage albarka. Dokar ƙasar nan ma ta hana ɗaukar hoton mutum ba da yardarsa ba, ta kuma hana tara gudummawa ba tare da izinin hukuma ba, shi ya sa duk rabonmu ta hannun ƙungiya mai lasisi yake bi. Wurin da aka kafa allon hana shiga, ko na soja ko na mai, ba ruwanmu da shi, ko da tsohon sawu ya ratsa ta nan.

Kada kuma wani ya ɗauki na'urar nan ya ji ya zama jagaba. Sawun jiya bai san abin da ya faru yau ba. Iska na matsar da yashi, ana kafa shinge, ana rufe ƙofa. Kun tuna ruwan 16 ga Afrilu 2024, da manyan titunan garin nan suka zama tafki, taswira kuwa tana nuna su lafiya lau. Kuma sanin inda kake ba ya kashe ƙishirwa. A watan Oktoba na 2013, mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka rasu da ƙishirwa a saharar arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Allah Ya jiƙansu. Don haka dokarmu ita ce: ba a shiga yashi da mota ɗaya, ba a shiga da ƙaramar mota, a ɗauki ruwan da ya fi na buƙata ko da ana azumi, a bar wa mutum guda a gari sunan sawun da za a bi da lokacin dawowa. Idan mota ta maƙale, a zauna a inuwarta, a kira 999 a karanta lamba. Mota ta fi mutum saurin ganuwa.

Zan rufe da roƙo uku ga dattawa. Na farko, ku ba mu matasa biyu ga kowace hanya, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya riƙe na'ura, mako mai zuwa su yi musanya. Na biyu, ku zaɓi mutum biyun da za su riƙe littafin. Na uku, mu mayar da shi al'ada: duk ɗan agajin da zai koma gida, kafin a yi masa addu'ar sallama, ya zauna ya miƙa hanyoyin da ya sani, kamar yadda ake miƙa makullin shago. Ni ma shekaruna sun haura hamsin, ban san azumi nawa ya rage mini a garin nan ba. Duk abin da ke kaina na zuba shi a nan.

Zango na farko da na sa a cikin na'urar nan shi ne ƙofar garken da na ba ku labari. Yaron da ya kira ni ya koma gida tuni, wani ne a wurin yanzu, bai san mu ba, mu ma ba mu san shi ba sai da muka je. Amma da muka je, minti goma sha biyar muka yi daga bakin kwalta, kuma wanda ya ja mu yaro ne da bai taɓa taka wurin ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, malamai su gyara. Allah Ya kai mu Ramadan lafiya, Ya karɓi ɗan abin da muke yi, Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa da sama, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na nan da na gida. Allah Ya mayar da kowa ga iyalinsa cikin rufin asiri.